Zanen Fuskar Fatar Roba

Zanen fuskar fatar roba shi ne tsarin ƙananan tuddai da kwaruruka da ramuka da ido ke gani, yatsa kuma ke ji, a saman fatar kwaikwayo da ake rufe kujeru da ita, ake kuma ɗinka jakunkuna da takalma da bangon littattafai. Roba ba ta da wannan zane a halittarta. Idan aka narkar da ita aka shimfiɗa ta huce, sumul take fitowa tana ƙyalli. Ɗora mata zanen ake yi tun tana da taushi, daga jikin gangar ƙarfe ko takarda ko mazubi da aka riga aka sassaƙa. Shi kuma abin da aka sassaƙa ɗin, galibi daga fatar dabba ta gaske aka kwafo shi: fata guda da aka zaɓa cikin tarin fatu, aka ɗauki siffarta, aka gyara, sannan aka mayar da ita ƙarfe. A kayan yau da kullum zurfin zanen bai cika wuce kashi kaɗan bisa goma na milimita ba, amma da shi mai saye ke fara auna darajar kayan.

Asalin zanen a jikin dabba

Fatar dabba hawa-hawa ce. A sama akwai siririn ɓawo wanda gashi ke ratsawa, a ƙarƙashinsa kuma akwai ainihin fatar, wadda zaruruwan kolajin suka sarƙe a cikinta. Wajen jima ana kawar da gashi da ɓawon sama gaba ɗaya, da ruwan toka a majemar gargajiya, ko da laim da sinadarin salfaid a masana'anta. Abin da ke bayyana bayan haka shi ne fuskar fata, wato shimfiɗa mai ƙananan zaruruwa a matse, wadda ramukan da gashi ya tsiro a cikinsu suka huda. Jerin waɗannan ramuka, tare da layukan da motsin dabbar ya bari a tsawon rayuwarta, su ne zanen asali.

Kowace dabba da tsarinta. A ƙirgin saniya ramukan ƙanana ne, suna da yawa, sun bazu kusan daidai wa daida. A fatar akuya manyan ramuka ne jere cikin gajerun layuka masu lanƙwasa, ƙananan ramukan gashi mai laushi na biye da su, fuskar kuma tana da ƙarfi da ɗan kaushi. Fatar tunkiya ta fi taushi, zanenta ya fi ƙanƙanta. Ta alade ramukanta manya ne, uku-uku, suna ratsa fatar har bayanta. Jimina tana barin ƙulle-ƙulle a gurbin da aka fige gashinta, kada kuwa ɓawonsa ne zanensa, mai kusurwa huɗu a ciki, zagayayye a haƙarƙari. Ko a fata guda zanen yana sauyawa daga wuri zuwa wuri: gadon baya da ɗuwawu a matse suke, ciki da hammata a sake, wuya kuma yana da manyan layuka. A kan wannan ga tabon kaska da na ƙaya da na lalas. Wannan rashin daidaito shi ne mai kwaikwayo ke neman ya kama, kuma shi ne ya fi ba shi wahala.

Ba duk zanen da ake gani a fata ta gaske ne dabba ta zo da shi ba. Majema sun daɗe suna ƙara masa. Tsohuwar dabara ita ce a ninke fata fuska da fuska, a riƙa murza ninkin gaba da baya da wani katako mai lanƙwasa. Idan aka murza ta gefe ɗaya, dogayen layuka ke fitowa. Idan aka murza a gicciye, ƙananan murabba'ai. Idan kuma aka zagaya ta kowane gefe, sai zagayayyun ƙwayoyi su taso. Masana'antun zamani suna samun irin wannan ta hanyar juya busassun fatu na sa'o'i a cikin babbar ganga, ko da sinadarin da ke sa fuskar fata ta tsuke fiye da abin da ke ƙarƙashinta. A Farisa da tsakiyar Asiya an yi wata dabara da ta fi waɗannan nisa: ana barbaɗa 'ya'yan wani tsiro masu tauri a kan ɗanyar fatar doki ko jaki, a tattake su su nutse, a bar ta ta bushe, a kakkaɓe, a kankare saman, sannan a jiƙa ta. Wuraren da 'ya'yan suka danne sai su kumburo su zama ƙwayoyi. Da irin wannan fata, wadda galibi ake rina ta kore, aka riƙa rufe kuben takubba da ƙotar wuƙaƙe ƙarnuka kafin a san roba.

Cikin zane-zanen da aka fi kwaikwayo babu kamar na fatar akuya da Turawa suka sani da sunan Maroko, wadda suka riƙa yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Wani kaso na wannan fata daga ƙasar Hausa ya fito. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da fata mai ƙarfi da matsattsen zane. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, fatake kuma su ratsa Sahara da ita zuwa tashoshin Arewacin Afirka, daga nan ta shiga jiragen ruwa. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci takalma da jemammun fatu cikin kayan da birnin ke fitarwa zuwa arewa. A farkon ƙarni na 20 masu bangon littafi a Ingila sun koma sayen ta da sunan kogin Neja, suna yaba ƙarkonta. Wannan zanen akuya ne aka sassaƙa a ƙarfe aka buga wa yadi, kuma har yau yana cikin kundin samfuran masu yin fatar roba.

Tarihin kwaikwayo

Buga zanen fata a kan abin da ba fata ba ya fara ƙarfi ne a harkar littattafai. A shekarun 1820 masu wallafa a Landan suka fara rufe littattafai da yadin auduga da aka cika da sitati da launi, domin fata ta yi tsada ga yawan abin da injunan ɗab'i ke fitarwa. Yadin yana nuna saƙarsa, saboda haka daga wajen 1830 aka riƙa ratsa shi tsakanin gangunan ƙarfe masu sassaƙa domin a ɓoye ta, kuma zanen fatar Maroko yana cikin na farko-farkon da aka buga. Kamfanin Winterbottom na Manchester, wanda aka kafa a 1891, ya mamaye wannan kasuwa, yana ba kowane zane harafinsa a littafin samfuri.

Mataki na biyu ya zo da sinadarin naitiroselulos, wanda ake narkarwa a haɗa da mai da launi, a shafa wa yadi hawa-hawa, ya bushe ya zama ɓawo mai hana ruwa shiga. Irinsa ne Fabrikoid na garin Newburgh a jihar New York, wanda kamfanin DuPont ya saya a 1910, da Rexine da aka riƙa yi a Hyde kusa da Manchester. Kujerun motoci na shekarun 1920 da na jiragen ƙasa da akwatuna da bangon littattafai duk sun sha wannan kaya, duk da aibinsa na saurin kama wuta. A Tarayyar Sobiyet kuma an yi kirza, yadi mai hawa da yawa da aka jiƙa da robar haɗi aka buga masa zanen fatar alade. Da shi aka ɗinka takalman miliyoyin sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Ivan Plotnikov, masanin sinadaran da ya inganta shi, ya sami lambar yabo ta ƙasa a 1942.

Kayan da suka cika kasuwa a yau iri biyu ne. Na farko PVC, wanda Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda ake tausasa shi a 1926. Bayan yaƙin ya maye gurbin naitiroselulos, sunaye irin su Naugahyde a Amurka da skai a Jamus suka shahara. Na biyu foliyuretan, PU a taƙaice, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa a Leverkusen a 1937. DuPont ya fitar da Corfam a 1963 da niyyar ya maye gurbin fatar takalmi, ya daina yin sa a 1971 saboda bai karɓu ba. Kamfanin Kuraray na Japan ya fito da Clarino a 1964, wanda ake yi har yanzu. Daga sitati zuwa PU sinadaran sun sauya sau uku, amma tushen aikin zanen yana nan yadda yake: abu mai taushi ya haɗu da abu mai tauri mai sassaƙa, ya ɗauki siffarsa, ya sandare a haka.

Yadda ake ɗaukar zanen daga fata

Aikin yana farawa da zaɓen fata. Mai tsara zane yana duba fatu da yawa kafin ya tsayar da guda, kuma ko a cikinta wani yanki kaɗai yake yanka, inda ƙwayoyin suka yi daidai da girman da ake so, babu tabo, babu sakin ciki. Ana shimfiɗa yankin a manne shi a kan faranti, a zuba masa ruwan silikon. Silikon yana shiga kowane rami da kowace tsaga, har abin da ido ba ya gani, idan ya daskare kuma yana ɓaruwa ba tare da ya lalata fatar ba. Abin da aka samu juyin fatar ne, tudu ya zama kwari, rami ya zama tsini, kamar yadda rubutun hatimi ke zama a juye domin ya fito daidai a takarda. Daga wannan juyi ake zuba kwafi na biyu da ƙaron haɗi mai tauri, wanda ke dawo da siffar fatar daidai. Dukan sana'ar a kan wannan lissafi take tafiya, daga daidai zuwa juyi, daga juyi zuwa daidai, kuma dole abin da zai taɓa robar a ƙarshe ya kasance juyi.

Kwafin ƙaro ba ya jure zafi da matsin inji, don haka sai an mayar da zanen ƙarfe. Hanyar da ta fi aminci ita ce zubin lantarki, wanda Moritz von Jacobi ya bayyana a St. Petersburg a 1838. Ana fesa wa kwafin siririn rufin azurfa domin ya ɗauki lantarki, a nutsa shi cikin tankin da aka narkar da gishirin nikel, a saki wuta. Nikel yana taruwa a jikin kwafin a hankali, yana bin kowane lungu, har ya yi kaurin da ake so. Ɓawo mai kaurin milimita 3 yakan ɗauki kwanaki masu yawa, wani lokaci makonni. Idan aka raba su, ƙarfen yana ɗauke da zanen fatar har ramukan gashinta, daidaiton da babu hannun mai sassaƙa da zai kai.

Matsalar da ta rage ita ce haɗi, kuma a nan ake gane gwani. Yankin fata yana da iyaka, ganga kuwa zagayayya ce, tsawonta ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Dole a jera kwafi da yawa gefe da gefe, a naɗe su a jikin ganga, a haɗa bakin farko da na ƙarshe yadda ba za a ga layi ba. Masu gyara suna zama da madubin ƙara girma da ƙananan kayan aiki, suna yanka bakin kowane kwafi a karkace yana bin kwarin da ke tsakanin ƙwayoyi, suna cike giɓi, suna sassaƙa ƙwayar da ta rabu biyu ta koma guda. Kuskure ɗaya a nan zai bayyana a kowane juyi na gangar, a tsawon dubban mitoci.

Akwai wata tsohuwar hanya da aka aro daga masu buga zane a yadi: a sassaƙa zanen a ƙaramar ganga, a ƙarfafa ta da wuta, sannan a riƙa murza ta a jikin babbar ganga da matsi, ruwan asid mai cin ƙarfe yana taimaka mata. Hanyar zamani kuwa ta na'ura ce. Na'urar auna siffa tana bin fuskar fatar da haske tana rubuta tsayin kowane ɗigo, zanen ya koma bayanai a kwamfuta. A can ake share tabo, a rage zurfi ko a ƙara, a miƙa ƙwayoyi ko a tsuke su, a haɗa bakuna ba tare da wuƙa ba. Daga nan hasken lesa ya ƙona zanen kai tsaye a jikin ƙarfe ko robar silikon, hawa bayan hawa. Wannan ya sa ana iya haɗa zanen da babu dabbar da ta taɓa ɗauke da shi, kamar ƙwayoyin maraƙi da layukan bauna wuri guda, ko zanen lissafi zalla. Duk da haka zane-zanen da suka fi gamsar da ido su ne waɗanda asalinsu ke komawa ga wata fata ta gaske.

Ɗora zanen a kan roba

Hanya mafi daɗewa ita ce dannawa. Ana murje PVC da man tausasawa da launi tsakanin manyan ganguna masu zafi har ya zama siririyar shimfiɗa, a manna shi a kan yadi. Shimfiɗar tana wucewa ƙarƙashin fitilun zafi da ke kai samanta wajen digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, nan take ta shiga tsakanin gangar zane da wata gangar roba mai tokare ta daga ƙasa. Ruwan sanyi yana zagayawa cikin gangar zanen, saboda haka da robar ta ɗauki siffa sai ta huce ta riƙe ta. Idan zafi ya gaza zanen ba ya zurfi, daga baya ma yana shafewa. Idan ya yi yawa fuskar tana lalacewa. Ga kayan da ke da soso a ciki, waɗanda matsi zai murƙushe, ana amfani da ganga mai ƙananan huji da ke zuƙe iska, ta jawo robar cikin zanen ba tare da danna ta ba.

Hanya ta biyu ita ce ta takardar zubi, kuma da ita ake yin fuskar yawancin fatar PU. A nan aikin a juye yake tafiya, domin saman fatar ake fara yi, yadi ya zo ƙarshe. Takardar mai ƙarfi ce, an lulluɓe ta da rufin da abu ba ya manne masa, an kuma riga an buga mata juyin zanen. Ana warware ta daga naɗi, a zuba mata ruwan PU, wata doguwar wuƙa ta baje shi siriri, yadda kaurinsa bayan bushewa ba ya kai kashi ɗaya bisa goma na milimita. Ruwan yana kwanciya cikin kwarurukan takardar, ya bushe a tanda. A ƙara hawa na biyu, na soso ko na manni, a ɗora yadi, a sake ratsa tanda, a bari ya huce. A ƙarshen injin takarda tana naɗuwa gefe ɗaya, fatar roba gefe ɗaya, ɗauke da zanen takardar har da ƙyallinta ko dusashewarta. Tun da ruwa ne ya bi zanen da kansa, kwafin yana fitowa da tsabta fiye da na dannawa. Ana sake amfani da takardar sau da yawa har zafi ya cinye ta. Wadda aka lulluɓe da folifirofilin ta dace da PU. PVC kuwa, da yake yana bukatar zafi kusan digiri 200, sai takarda mai rufi na musamman. Sakamakon wannan tsari shi ne masana'antar fatar roba sau da yawa sayen zanenta take yi a naɗe daga kamfanin takarda, shi ya sa ake ganin zane iri ɗaya sak a jakar da aka ɗinka a wata ƙasa da kujerar da aka haɗa a wata.

Akwai PU da ake fara yi ta hanyar jiƙo: a shafa wa yadi PU da aka narkar cikin sinadarin DMF, a nutsa shi a ruwa, ruwan ya janye sinadarin ya bar soso mai ƙananan ƙofofi. Irin wannan, bayan an ɗora masa fuska, ana iya jefa shi cikin ganga mai zafi a juya har ya yamutse da kansa. Layukan da ke fitowa ta nan ba sa maimaita kansu, don haka sun fi wuyar ganewa.

Dashbod da rufin ƙofar mota suna da tasu hanya, domin ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Ana sassaƙa samfurin dashbod ɗin cikakke, a lulluɓe shi da fata mai zanen da ake so, har da ɗinkin zare idan ana bukata, a bi matakan silikon da nikel a sami mazubi. A zafafa mazubin, a zuba garin PVC, a juya shi. Garin da ya taɓa ƙarfe ya narke ya zama ɓawo mai kaurin kusan milimita 1, ɗauke da zanen da siffar ɗinkin da babu zare a cikinsa. Sassan roba mai tauri kuwa, mazubin ƙarfensu ake ci da asid: a manna zanen a jikinsa da abin da asid ba ya ci, a tsoma, a wanke, a sake, sau da yawa domin ƙwayoyin su yi gangara maimakon tsayuwa a miƙe. Kamfanonin Mold-Tech da Eschmann da Tanazawa sun shahara da wannan aiki. Ƙa'idar masu zubi ita ce a karkata bangon mazubi da digiri 1 zuwa 1.5 ga kowane milimita 0.025 na zurfin zane, in ba haka ba kayan zai goge zanensa wajen fitowa.

Bayan siffa sai launi. Fata ta gaske duhun launinta ya bambanta tsakanin tudu da kwari, don haka ana bi da wata ganga mai shafa launi a kan tuddai kaɗai, ko a cika kwaruruka da launi a share saman. A ƙarshe a rufe da siririn fenti mai ɗauke da garin silika, wanda ke kashe ƙyalli.

Yaɗuwa

Fatar roba tana fitowa a naɗe, faɗinta galibi santimita 137 zuwa 140, kaurinta tsakanin milimita 0.6 da 1.4 ga yawancin kayan kujeru da takalma. Sin ce ta fi kowace ƙasa yin ta, musamman lardunan Zhejiang da Fujian da Jiangsu da Guangdong, sai Indiya da Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan, Italiya da Jamus kuma suna da ƙarfi a ɓangaren motoci da kayan ƙawa. Masu yin takardar zubi kuwa 'yan kaɗan ne: tsohuwar masana'antar S.D. Warren a Westbrook ta jihar Maine, wadda kamfanin Sappi ya saya a 1994, da Dai Nippon Printing da Lintec a Japan, da Favini a Crusinallo ta Italiya, sai kamfanonin Sin da suka shigo daga baya. Waɗannan suna fitar da sababbin zane-zane akai-akai suna bin yayin jakunkuna da takalma. A Nijeriya naɗe-naɗen da ake shigowa da su suna isa ga masu takalma na kasuwar Ariaria a Aba da na Kano, da masu kushin, da masu rufe kujerun mota da babur da adaidaita sahu. Kano ɗin da ke sayen wannan kaya ita ce kuma ke da masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, waɗanda ke fitar da fatun awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifaniya.

Amfani da muhimmanci

Amfanin zanen ya wuce kama da fata. Fuska mai santsi tana nuna kowane ƙarzo da sawun yatsa da ƙaramin kuskuren zubi, mai ƙwayoyi kuwa tana ɓoye su. Tana watsa haske maimakon mayar da shi wuri guda, abin da ke da muhimmanci a dashbod, inda ƙyalli kan faɗa a gilashin gaba ya dami direba. Tana rage mannewar jiki da kujera lokacin zafi, domin tuddai kaɗai ke taɓa mutum, kuma tana ba hannu riƙo a sitiyari da ƙwallo. A mota guda ana iya samun sassa daga masana'antu daban-daban, wasu masu taushi wasu masu tauri; kamfanin motar yana ajiye farantin zane guda a matsayin ma'auni, kowane mai kawo kaya ya daidaita zurfi da ƙyalli da shi. Zanen kada da na maciji da na jimina kuma sun sami ƙarin kasuwa tun bayan da yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta taƙaita cinikin fatun namun daji.

Zanen da aka buga yana da alamomin da ke tona shi. Babba ita ce maimaici: ganga mai kaurin santimita 30 daga gefe zuwa gefe kewayenta kimanin santimita 94 ne, saboda haka kowane layi da kowace ƙwaya suna dawowa bayan wannan tazara, kuma a doguwar kujera ana iya gano ƙwaya guda a wurare da yawa. Ramukan gashi ma suna nunawa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na fata ta gaske suna nutsawa a karkace cikin zaruruwa, na roba kuwa gajeru ne masu rufaffen gindi da bakuna masu santsi. Idan aka danna fata da yatsa ƙananan layuka suna bazuwa daga wurin, roba kuwa galibi loɓawa kawai take yi. Tsufansu ma ya bambanta. PVC man da ke cikinsa yana fita a hankali, zafin rana yana gaggauta hakan, har ya sandare ya tsage, kuma tsagar takan bi kwarurukan zanen domin nan ne ya fi siranta. PU danshi da zafi ke ruɓar da shi, fuskarsa ta riƙa saɓulewa.

Sai dai zane shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa abu fata ne ko roba, domin gangunan nan da faranta masu zane ana buga su a kan fata ta gaske ma. Ƙirgin da tabo ya ɓata ana goge fuskarsa da inji, a shafa fenti, a buga masa sabon zane da faranti mai zafi. Hawan ƙasa na ƙirgin da aka tsaga biyu, wanda ba shi da fuska ko kaɗan, ana manna masa ɓawon PU daga takardar zubi. Har kaya masu tsada suna cikin wannan: Saffiano da aka fi sani a jakunkunan Prada, da Epi da Louis Vuitton ya fitar a 1985, zanensu bugawa aka yi, haka ƙwayoyin da ke jikin ƙwallon ƙafar Amurka, waɗanda kamfanin jima na Horween a Chicago ke bugawa a fatar shanu. Saboda wannan cakuɗuwa dokoki suka koma ga abin da ke ƙarƙashin zanen. Dokar Tarayyar Turai ta 1994 kan alamar takalma ta tanadi cewa idan rufin da ke kan fata ya wuce milimita 0.15 sai dai a kira ta fata mai rufi, kayan roba kuma alamarsu daban ce. Birazil tun 1965 ta haramta sayar da kayan da ba daga dabba suka fito ba da sunan fata, Italiya ta yi irin wannan doka a 2020, Fotugal kuma a 2022.